Juya Min Bayansa In Gani

Buhu biyu na ƙyallaye ne suka ja min wannan aiki. Shekara bakwai ke nan ina ɗinki a ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinmu a Coventry, galibi kayan Sallah da ankon biki na matanmu da ke nan Ingila. Ni kuwa 'yar gidan ɗinki ce, hannuna ba ya iya jefa ƙyalle a shara. Ragowar atamfa, bakin shadda, guntun yadi, duk sai in cusa a buhu in ce wata rana. Maigida ya yi magana har ya gaji. Rannan wata maƙwabciyarmu, tsohuwar Baturiya da ta haura saba'in, ta shigo in rage mata tsawon siket. Da ta ga buhunan sai ta zauna dirshan a ƙasa tana zazzage su, fuskarta kamar ta wadda ta tsinci dami a kala. Ita ta fara ce min in yi kwilt da su.

Kwilt bargo ne mai hawa uku. Akwai fuska, wadda yawanci ƙyallaye ne aka harhaɗa, akwai cikon auduga ko ulu a tsakiya, sai shafi a baya. Daga nan a bi hawa ukun da ɗinki a haɗe su wuri guda don kada cikon ya dunƙule. Tana cikin yi min bayani na katse ta, na ce ai na san wannan, lifidi ne. Duk wanda ya tashi a birnin Zariya ya ga 'yan lifidi ranar hawan Sallah, doki da mahayinsa a lulluɓe cikin tufa mai kauri da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka bi da ɗinki layi-layi, yadda kibiya ba za ta huda da sauƙi ba. Na nuna mata hoto a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce su nasu na gado ne, namu na yaƙi.

Ta so ta fara koya min irin tsohuwar hanyar Ingila, wadda ake yanka takarda mai kusurwa shida, a naɗe ƙyalle a kanta, a yi ta haɗa ɗaya da ɗaya da hannu. Ta ce da naɗin ƙyalle a kan takarda, ko da yake ba mai kusurwa shida ba, aka ɗinka wani mayafin siliki da ke ajiye a birnin York, wanda mai shi ta ɗinka shekarar 1718 a jikinsa, kuma babu aikin ƙyallaye mai kwanan wata da ya girme shi a Birtaniya. Na yi kwana uku ina fama da takardun nan, na ga idan na biye mata zan aurar da jikoki ban gama ba. Sai muka koma wani tsari da suke kira bukkar katako, wanda keke ke iya yi. Ana fara shi da ɗan jan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, wai shi ne murhun gida, sannan a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Kowane gida ƙyalle 13 ne, faɗinsa inci 8. Na yi gida 36, shida a tsaye shida a kwance. Ƙyalle 468 ke nan, kuma ban ko ci rabin buhu ɗaya ba.

A nan girman kaina na tela ya fara karyewa. Mu a ɗinkin kaya, in ka bar rara a bakin ɗinki ya ɗan fi ko ya ɗan gaza, jikin mutum zai shanye. Wannan aiki ba ya yafiya. Rarar rubu'in inci ce, ba ƙari ba ragi, a kowane ɗinki. Daga wannan gefen bargona zuwa wancan akwai ɗinki 41, don haka kuskuren milimita ɗaya a kowanne ya tashi sama da santimita huɗu. Gidaje goman farko da na yi, da muka jera su a ƙasa, babu biyu da suka zo daidai. Na farke su duka. Na kuma koyi cewa sai an wanke atamfa kafin a yanka, saboda wata tana zuba, wata tana shiga, kuma ba lokaci guda suke yi ba. Wata jar atamfa ta ankon bikin ƙanwata sai da na wanke ta sau huɗu kafin ruwan ya fita fari.

Wuri ɗaya na yi ha'inci, kuma zan faɗe shi tun yanzu don shi ya kama ni daga baya. Da aka zo sa dogon ƙyallen da ke kewaye bargon, tsohuwar ta ce in auna ta tsakiya, tsaye da kwance, in yanka ƙyallen daidai wannan awon, in kafe shi da fil, sannan in ɗinka. Ranar ina da kayan amarya a gabana. Na ɗauko doguwar shadda shuɗiya na ɗora a bakin na taka keke har ƙarshe, na datse abin da ya saura da almakashi, kamar yadda nake yi wa bakin zani. A shimfiɗe a ƙasa ya kwanta lafiya lau. Ban gaya mata ba.

Haɗa hawa ukun na yi da hannu, don ina jin kunya a ce 'yar mai ɗinkin babbar riga ta kasa. Mun ture kujerun falo, muka shimfiɗa shafin muka manne bakinsa da ƙasa, muka ɗora audugar, muka ɗora fuskar, na bi su da dogon ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa baki. Daga nan sai zaman dare. Bayan sallar isha'i in ɗora shi a cinya, allura ƙarama, zare mai ƙarfi, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yana jiran tsinin allura. Atamfa ba ta ba ni wahala ba. Shadda ce azzaluma, saƙarta a matse take, allura biyar ta karya min. Wata huɗu na yi a haka, hunturu ya fita ina ƙarƙashin bargon da ban gama ba.

Ita ce kuma ta matsa in kai shi gasa. Kowace shekara a tsakiyar bazarar Ingila, ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ana baje kolin irin waɗannan barguna na kwana huɗu a babban zauren NEC da ke gefen Birmingham. Sunansa Festival of Quilts, an fara shi a 2003, kuma babu kamarsa a girma a duk Turai. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1979, tana cikin masu riƙe da shi. Na ce mata ina ni ina gasar Turawa. Ta ce akwai rukunin sababbin shiga, kuma ba a tambayar asalin kowa. A watan Afrilu na cike takarda a intanet, na biya kuɗin shiga, na rubuta awon bargon da kayan da aka yi shi da su da ɗan taƙaitaccen bayani. Wurin suna na rubuta Ragowar Anko.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne amma ba a wasa da su. Dole a ɗinka dogon aljihu mai faɗin santimita 10 a saman bayan bargon, ta nan za a zura sandar ratayewa. Dole a ɗinka ɗan ƙyalle mai sunanka a baya. Na kalmashe bakin, na cire zaren wucin gadi, na bi shi ina tsince gashin kyanwar maƙwabciya, na naɗe shi cikin kwali na aika makonni kafin ranar. Da mai ɗaukar kaya ya juya da kwalin sai na ji kamar ranar da na fara kai 'yata makaranta.

Ranar Asabar muka je, ni da 'yata da tsohuwar. Daga Coventry zuwa tashar Birmingham International kamar minti goma ne a jirgin ƙasa, daga tashar kuma ta cikin rufi ake takawa har zauren. Tun a jirgi ake gane masu zuwa: mata, yawancinsu masu furfura, kowace da jakar da ta ɗinka da hannunta, da takalmi marar tudu. Da muka shiga na tsaya cak. Bango bayan bango, barguna ɗaruruwa a rataye, can gefe kuma rumfunan masu sayar da yadi da zare da kekuna, hayaniya kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah. Ni ƙafata wajen nawa take ja. Tsohuwar ta riƙe min hannu ta ce a'a, waɗanda suka ci za mu fara gani, kafin ido ya gaji.

An ware su wuri guda a jikin fararen bango, kowanne da fili isasshe da fitila a kansa da katin da ke faɗin abin da ya ci. Ta koya min yadda ake kallo. Ka fara tsayawa nesa, taku goma, ka ga ko launuka sun zauna da juna, ko idonka ya san inda zai fara da inda zai sauka. Sannan ka matso har hancinka ya kusa taɓawa, ka duba inda tsinin ƙyallaye suka haɗu, ko sun haɗu baki da baki ko ɗinki ya cinye kan wani. Ka duba tsawon ɗinki ko ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ka duba kusurwa huɗun. Sannan ka koma gefe ka kalle shi ta haƙarƙari, ka ga yadda ya sauko daga sandar. Na gwada a kan na farko, wani mai taurari ja da fari. Ta gefe kai ka ce allo ne aka jingina. Na bi tsinin taurarin ɗaya bayan ɗaya ina neman inda mai shi ta kuskure, irin neman da kishiya ke yi, har na gaji ban samu ba.

Wanda ya tsayar da ni ya fi rabin sa'a ba shi da ƙyalle ko ɗaya. Yadi ne guda, launin madara, mai ɗan sheƙi, kuma duk adon da ke jikinsa ɗinki ne kawai. Daga nesa fari fat. Kana matsowa sai fitila ta fara fito da gashin tsuntsu yana lanƙwasa, igiya tana murɗewa a kewaye, fure a tsakiya, bayan su kuma ƙananan layuka a gicciye sun danne filin don adon ya taso. Tsohuwar ta ce wannan salon arewa maso gabashin Ingila ne, wajen Durham, kuma mutanen Wales suna da nasu mai zuciya da ganye da murɗaɗɗen zagaye irin na dodon koɗi, wanda suka fi cikawa da ulu. A garuruwan haƙar kwal, in ji ta, matan da mazansu suka mutu ko suka nakasa a rami da wannan suke ci da 'ya'ya. Maƙwabta su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kowane mako, ita tana ɗinki, wanda layi ya zo kansa ya karɓi bargo. Na ce adashi ke nan. Na sake kallon bargon da wani ido, don na san irin matan nan, na san su a gidanmu.

Taɓawa haramun ce a wurin, maiƙon hannu yana ɓata yadi. Akwai masu aikin sa kai da ke zagayawa sanye da farar safar hannu, su kaɗai ke da izini. Ɗaya daga cikinsu ta ga na daɗe a tsaye, ta matso ta ce ko ina son in ga bayansa. Ta kama kusurwar ƙasa da yatsu biyu ta ɗaga a hankali.

Bayan da gaban duk ɗaya. Gashin tsuntsun nan yana nan, igiyar tana nan, kowane ɗinki tsawonsa ɗaya da na gaba, wajen goma a inci guda. Babu ƙulli ko ɗaya. Na tambaye ta ina aka kai ƙullin, ta ce ana ƙulla zaren ne a fizge shi ya shige cikin audugar ya ɓuya a can, haka ma in zare ya ƙare. Bakin kuwa sai da na sa tabarau kafin na ga allurar da ta kama shi.

A take na ga Baba zaune a zauren gidanmu kan buzu, an kawo masa rigar da wani yaronsa ya yi wa aska takwas. Bai taɓa fara duba gaba ba. Hannu zai zura ta wuya ya juyo cikin, ya kai kusa da ido, ya shafa da babban yatsa. Yaron yana tsugune yana jiran hukunci. In Baba ya mayar da rigar ya ninke bai ce komai ba, an ci. In ya ce "ɗauko reza," an san sauran. Shekara talatin da wani abu ban tuna wannan ba sai a Birmingham.

Daga nan na zama mai naci, duk inda na ga farar safa sai na roƙa a ɗaga min. Rukunin ƙananan barguna ya ba ni dariya da tsoro lokaci guda. Ba a yarda ɗaya ya wuce santimita 30 ba, kuma sharaɗin shi ne in an ɗauke shi hoto a zaci babban bargon gado ne. Akwai wanda ƙyallayensa ba su kai farcen ɗan yatsana ba, amma tsininsu ya haɗu tsaf. Na shiga wurin da raina aikin keke, ina ganin duk wanda bai yi da hannu ba ya yi sata. Wani bargo da aka bi da keke ya kashe min baki: zaren sama bai leƙo ƙasa ba, na ƙasa bai leƙo sama ba, ko a lanƙwasa mafi tsanani. Ni da nake kan keke kullum na san abin da wannan ke ci. Har rukuni guda aka ware na aikin mutum biyu, ɗaya ta haɗa fuska, ɗaya ta bi da babban keken nan mai dogon hannu da ke cin rabin ɗaki, kuma a kati ana rubuta su duka biyun. Wannan ya burge ni, don a wajenmu sunan mai shago kaɗai ake ji.

Masu kama da hoto, fuskar mutum ko kare ko gaɓar teku, nan jama'a suka fi cunkoso suna ɗaga waya. Gwaninta kam akwai. Amma ni ban ga abin da allura ta yi a nan da fenti ba zai yi ba, don haka ban daɗe ba.

Sai bayan azahar muka isa rukunin sababbin shiga. 'Yata ta riga ni hangowa.

"Umma, ga shi can! Wallahi ya fi na kusa da shi kyau."

Daga taku goma, gaskiya, na ji daɗi. Atamfa ba ta jin kunyar fitila. Duhu da haske sun tashi kamar matakala, jajayen murhun nan 36 suna ci. Wata mata 'yar Gana ta tsaya a gabansa tana nuna wa ƙawarta wani ƙyalle, tana cewa mahaifiyarta na da irin zanen. Na yi shiru a bayansu ina jin kaina yana girma. Sai na tuna darasin safe, na koma gefe na kalle shi ta haƙarƙari. Shuɗiyar shaddar nan tana kaɗawa kamar labule a bakin taga. Ƙasan ya buɗe ya fi saman faɗi, kusurwar hagu ta murɗe tana kallon bango. Abin da ƙasan falona ta rufa min asiri a kai, sanda ta tona. Tsohuwar ta kalli bakin, ta kalle ni ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba.

'Yata ta so ta rarrashe ni. Ta ce ai a makaranta an nuna musu bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, waɗanda layukansu a karkace suke, kuma tun da aka baje su a manyan gidajen tarihi a 2002 duniya ke yabo. Na ce mata su sun karkata ne da saninsu, idonsu ya ga inda suke so layin ya bi. Nawa gaggawar kayan amarya ce.

Na yi wa Baba alkawarin zan nuna masa, don haka na kira ƙanena ta bidiyo ya kai masa wayar zaure. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya daina riƙe allura. Bayan mun gaisa na juya wayar.

"Uwata, matso da shi. To. To, masha Allah. Wannan duk ke kika yi?"

"Ni ce, Baba. Da hannu."

"Juya min bayansa in gani."

Na kai hannu ke nan 'yata ta riƙe ni, ta nuna min takardar da ke cewa kada a taɓa. Bargona, zarena, yatsuna da suka sha huda, amma sai da na je na nemo mai farar safa na roƙe ta. Ta zo da fara'arta ta ɗaga kusurwar, na kai wayar kusa. Ƙulle-ƙullena suna nan reras kamar ƙudaje a kan faranti. Ɗinkin da yake gajere a gaba, a baya wani dogo wani guntu, wajen shaddar ma har da inda allurar ba ta fito ba sam. Baba ya kai fuskarsa jikin wayar har ba na ganin komai sai hularsa. Ya daɗe.

"Launin ya yi," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka. Kina da reza a can, ko in aiko miki?"

Bargon ya dawo gida da takardar alƙalai a cikin kwalin. Sun yaba zaɓin launi da yadda aka raba haske da duhu, sun ce yadin ya ba shi rai. A ƙasa suka ba da shawara biyu cikin ladabi: a riƙa auna ƙyallen kewaye kafin a ɗinka don bargo ya rataye a miƙe, kuma a kula da daidaiton ɗinki ta baya. Na shimfiɗa shi a falo na ɗauko tef. Ta tsakiya inci 55 da rabi. Ta bakin ƙasa 57 da ɗan ɗoriya.

Farke kalmasar da shuɗiyar shaddar ya ci min dare tara. Tsohuwar ta shigo a dare na uku ta tarar da ni a ƙasa, zare ya manne min a zani ko'ina. Ta koma gidanta ta dawo da kwalin fil da nata tef ɗin, ta ja kujera, ta ce in riƙe wancan bakin.